Sunan da Ya Kuɓuce wa Alƙalin Kifi

A bakin ruwan nan ba a ɗaga robar kifi sai Alƙali ya yi magana. Haka aka saba tun waɗanda ke tuƙa jirage yanzu suna goye. Jirgi zai tsaya, masunta su juye abin da suka kamo a kan wata shuɗiyar leda da ake shimfiɗawa gaban kujerarsa, shi kuma ya riƙa ɗaukar kifin ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunansa da ƙarfi, mai jirgin yana karɓa yana jefawa a kashin da ya dace. Tarwaɗa nan, ƙurungu can, ragon ruwa gefe guda. Sai an gama wannan sannan mata masu saye za su matso a fara ciniki da rantse-rantse.

Ba alƙalin kotu ba ne fa, ko ƙofar kotu bai taɓa takawa ba. Masunci ne ɗan masunci, kuma burinsa a da bai wuce ya tsufa a cikin jirgi kamar ubansa ba. Yana tsakiyar ƙarfinsa jirginsu ya kife, igiyar koma, ragar kamun kifi, ta naɗe masa hannu ta fizge kafaɗar dama, tun daga nan hannun bai ƙara ɗaguwa ya wuce kunne ba. Masuncin da ba ya iya jefa koma kuwa sai dai a yi masa sannu. Ya daɗe yana zaman bakin ruwa yana kallon sa'o'insa suna fita suna dawowa, ba ya ce wa kowa uffan, har aka fara raɗe-raɗin ruwa ya taɓa masa kai. Rannan wasu mata biyu suka kaure da faɗa a kan wani ɗan kifi, wannan ta ce ƙaramin ragon ruwa ne, waccan ta ce ƙarya ne, cutarta ake so a yi. Daga inda yake zaune ya ce a miƙo masa. Ya juya kifin, ya taɓa ƙayar bayansa, ya faɗi sunansa da inda yake kwana a ƙarƙashin ruwa da abin da yake ci, faɗa ya mutu murus. Wani ya ce, "To, alƙali ya yanke." Shi ke nan suna ya bi shi, har matarsa ma in tana jin tsokana haka take kiransa.

Ladansa kifi ɗaya ne daga kowane jirgi, wanda ransa ya so. Da wannan kifin, da bandar da matarsa ke yi a bayan gida a kan rabin durom da waya, suka raini 'ya'yansu, suka aurar da matan, babban ɗan kuma ya koyi walda ya tafi birni ya yi gidansa. In za a faɗi gaskiya, Alƙali mutum ne mai baki da ɗan ji da kai. In saurayi ya kuskure sunan kifi a gabansa, to ranar ya shiga uku. "Kai da aka yanke wa cibiya a bakin ruwa! Je ka sayar da rake, ya fi maka." Mata su fashe da dariya, saurayi ya sunkuyar da kai. Ana jin haushinsa, ana kuma ji da shi, don bai taɓa kiran kifi da sunan wani don ya faranta wa mai jirgi ko mai saye ba.

Abin ya fara ne da ƙananan abubuwa, irin waɗanda ake yi wa dariya. Ya sa takalmi wari da wari. Ya nemi hularsa gida duka alhali tana kansa. Sai kuma wata rana ya fito daga wurin wanzami, ya tsaya a kan layin da ya yi rayuwarsa duka a kai, ya rasa ko hagu zai yi ko dama. Telan da ke bakin layin ne ya lura da tsayuwar ta yi yawa, ya bar kekensa ya kamo masa hannu har ƙofar gida. Magana ba ta ɓuya, kafin mako ya zagayo sai ga babban ɗan a tsakar gida, hannuwansa duk tabon wuta.

"Baba, ka haɗa kayanka. Ɗaki na nan a sama, da fanka, da banɗaki a ciki. Ka huta haka nan."

Alƙali ya san ɗakin. Ya zauna a cikinsa lokacin da aka yi wa matarsa aikin ido. Tagarsa bangon maƙwabci take kallo, ba abin da ake ji sai janareta da ƙarar ƙarfe daga shagon da ke ƙasa, kuma duk ruwan da ke gidan na famfo ne. A can ba wanda ya san shi da wani suna sai baban mai walda.

"In za ka kai ni can," in ji shi, "ka haɗa da likkafani, kada ka yi sawu biyu."

"Haba Baba! Yau layi ne. Gobe fa? In a bakin ruwa abin ya same ka?"

Matar Alƙali ce ta shiga tsakani. Ta ce rana ce ta buge shi, ta ce tsufa ba hauka ba ne, ta ce a bar mata mijinta. Ɗan ya yarda, amma da sharaɗi. "Inna, ki rantse mini. In ya sake, ko yaya ne, ki kira ni. Zan zo da mota, kuma ba zan saurari kowa ba." Ta rantse. Alƙali kuwa ya san matar da ya aura, ba ta taɓa rantsuwa ta taka ba, ko da a kan ƙwayar gishiri ne.

Aka kwana biyu lafiya. Ya ma fara cewa a ransa ranar ce kawai.

Safiyar da abin ya dawo, ruwa ya fara janyewa daga ciyawa. Jirgin ƙarshe na wani magidanci ne da ake kira Mai Jan Jirgi, mutum mai ladabi har ya so ya yi yawa, kamunsa kaɗan ne, yawanci tarwaɗa. Alƙali yana kira yana miƙawa, sai hannunsa ya kai kan wani kifi mai faɗi, mai ɓawo, da layuka duhu-duhu a gefe da ƙaya jere a baya. Ya ɗaga shi sama yadda ya saba, ya buɗe baki. Babu komai.

Karfasa ce. Ni na faɗa muku, don shi a lokacin ba shi da ita. Karfasa fa, kifin da ko amaryar da aka kawo jiya daga tudu ta sani! Abin takaicin ma, ya san komai nata. Ya san tana haƙa ɗan rami a yashi inda ruwa ba zurfi, ya san uwar tana ɓoye 'ya'yanta a baki in ta ji motsi, ya san ƙayarta da ke maƙale wa mutum a wuya. Sunan ne kawai babu, wurinsa fayau kamar inda aka cire haƙori.

Ya yi tari, ya ƙara wani tarin na ƙarya, sannan ya ce, "Wannan nawa ne," ya jefa a buhunsa. Ba wanda ya kula. Amma ya san ruwa na janyewa, ya san gobe masu kafa koma a gefen ciyawa za su zo da irin wannan kifin roba-roba, kuma ba zai ce duka nasa ne ba. Kafin gobe da safe lallai ya nemo sunan nan, ya kuma tabbatar shi ne, ba tare da kowa ya gane nema yake ba.

Ya fara da Mai Jan Jirgi. Ya same shi yana kwarfe ruwa daga jirgi, ya zaro kifin ya ɗaure fuska irin ta malami.

"Kai, zo nan. Ku 'yan yanzu ba abin da kuka sani sai waya. Faɗa mini, mene ne sunan wannan?"

Mai Jan Jirgi ya ajiye kwanon, ya russuna, yana murmushi. "Haba Baba Alƙali. Ni in faɗi sunan kifi a gabanka? Ai ban yi wannan rashin kunyar ba."

"Ni na ce ka faɗa."

"Wallahi bakina ba zai iya ba. Duk sunan da ka sa masa, shi ne sunansa."

Alƙali ya ji kamar ya kwaɗa masa kifin a fuska. Shekara da shekaru yana koya wa yaran nan su kama bakinsu a gabansa, ga shi sun koya. Ya yi tsaki ya wuce.

A ƙarƙashin rumfa ya tarar da wata mai sayen kifi, babbar mace mai murya, wadda suka daɗe suna zolayar juna, ana kiranta Mai Ƙanƙara saboda akwatunan ƙanƙarar da take zuwa da su. Ya ajiye mata kifin a kan murfin akwati kamar da wasa.

"Ke da kike cika baki, in kin isa faɗi sunan wannan."

Ta dubi kifin, ta dube shi, ta gyara ɗaurin kallabi. "Wannan? Ai giwan ruwa ne."

Giwan ruwa. Sunan ya shiga kunnensa, kuma ya san sunan kifi ne. Ya ji wani sanyi a ƙirji, har ya fara gyaɗa kai, har leɓensa ya fara motsi zai maimaita. Sai ta tuntsire da dariya tana tafa cinya.

"Giwan ruwa ne da ya yi jinya! Tsoho, rowa ce ta sa ka ɗauki wannan abin a matsayin lada? Kai wa matarka Mai Banda ta yi maka romo."

Sai a lokacin ya tuna giwan ruwa ƙato ne da sai mutum biyu ke ɗauka. Ya yi dariyar yaƙe, ya mayar da kifin buhu. Saura ƙiris ya ɗauki sunan wasa ya kai shi gaban jama'a gobe. Wato ko an ba shi suna yanzu, ba shi da abin da zai auna shi da shi. Wannan ya fi rashin sunan tsoratar da shi.

Mutum ɗaya ya rage wanda ba ya jin nauyinsa. Wani tsoho ne mai ɗinkin koma, abokinsa tun suna samari, wanda ya zo daga can saman kogi ya zauna. Idonsa ya tafi da daɗewa, amma yatsunsa suna gani. Yana zaune a zauren gidansa, koma a baje kan ƙafafunsa, zare a baki.

"Wa nake ji da ƙarni haka? Ai sai tsohon banzan nan."

"Ni ne, makahon Allah. Riƙe nan, mu ga ko hannun naka ma ya mutu."

Mai ɗinkin koma ya tofar da zaren, ya karɓi kifin. Ya bi bayansa da babban yatsa, ya shafa gefensa, ya sa ɗan yatsa a bakin. Ko daƙiƙa bai ɓata ba.

"Gargaza ce."

Alƙali ya juya kalmar a ransa. Gargaza. Ba ta zauna ba. Ya san ya sha jin ta, amma wani abu a cikinsa yana cewa ba da wannan yake kiran kifin ba.

"Ka tabbata?"

"Au, tsohuwar gardamar ka zo mu tayar? Tun muna da haƙora nake gaya maka gargaza ce, haka uwata ta kira ta, haka ake kiranta a wajenmu. Ku ne nan kuka laƙa mata wancan sunan naku. Har in shiga rami ba zan kira ta da shi ba."

Alƙali ya matso kusa. Wato akwai wani sunan, kuma yana nan a cikin bakin mutumin nan, taku ɗaya daga inda yake zaune.

"Wane sunan?" Ya yi ƙoƙari muryarsa ta fito kamar ta mai tsokana.

"Ji shi! So kake in faɗa da bakina, gobe ka hau kujera ka ce makaho ya sallama. Ban faɗa."

"Faɗi mana, don Allah."

"Ko za ka haɗa ni da duk waliyyai."

"Mutumina, don girman Allah."

Mai ɗinkin koma ya yi dariya har da tari, yana jin daɗin yau ya ci wasan. Da idonsa na gani, da ya ga fuskar abokinsa ya daina. Alƙali ya buɗe baki zai gaya masa gaskiya, sai ya ji motsin surukar gidan a bayan labule tana tankaɗe. Abin da ya shiga kunnen wannan matar kuwa kafin la'asar ya gama layi. Ya karɓi kifinsa, ya ce sai an jima.

"Ka gaida Mai Banda," in ji makahon. "Ka ce mata gargaza ce!"

Ya dawo gida rana ta karkata, kifin ya fara saki a cikin buhu. Matarsa tana bayan gida, hayaƙi na tashi daga durom, tana zaune a kan turmi da katako a gabanta tana feɗe kifi. Ya ajiye nasa a gefen katakon, ya tsaya. Fatansa ta faɗi sunan da kanta, yadda mata kan yi, ta ce wannan abu kaza ɗin ai ya kwana, ko ta ce ina ka kai mini kaza tun safe.

"Sai yanzu?" in ji ta. "Dubi yadda ya yi laushi. Tura shi can."

Ya tura. Ya jawo kujera ya zauna, abin da bai saba ba, don hayaƙi na sa shi tari.

"Irin wannan gobe za su yi yawa," in ji shi.

"Uhm."

"Suna daɗin banda kuwa."

"Malam, yau kuma hira ake ji? Miƙo mini gishirin nan."

Ya miƙa mata. Ya kalli hannuwanta, baƙaƙe da hayaƙi, duk tsagar ƙaya, hannuwan da suka ciyar da gidan nan lokacin da yake zaune da karyayyar kafaɗa yana fushi da duniya. Ya san in ya tambaye ta, ya ba ta abin da za ta kira ɗansu da shi. Ya san kuma in bai tambaya ba, gobe a gaban kowa za a gani. Duk inda ya juya mota ce ke jiransa. Wani irin baƙin ciki ya taso masa, ba na tsoron mutuwa ba, na ganin ana kwashe masa kaya daga cikin kai yana zaune yana kallo.

"Ke," in ji shi a hankali. "Mene ne sunan kifin nan?"

Ta yi dariya ba ta ɗago ba. "Alƙali ke nan. Ni ma jarrabawar za a yi mini?"

Shi bai yi dariya ba. Wannan ne ya sa ta ɗago. Ta dube shi, wuƙar ta tsaya a cikin kifin da ke hannunta. Kitse na ɗiga a wuta yana cuwa.

"Karfasa," in ji ta.

"Karfasa."

Ya faɗa, ya sake faɗa. Ya yi tsammanin in sunan ya zo zai faɗa wurinsa ƙwas, ya ji kunya ya yi dariya. Ina! Kalmar ta tsaya a bakinsa kamar takalmin aro. Ba ta fi gargaza zama ba, ba ta fi giwan ruwa ba.

"Kin tabbata?"

Nan ne ta ajiye wuƙar. Ta kai gefen zane ga idonta, ta ce hayaƙi ne, alhali ita da hayaƙi sun saba tun tana amarya.

"Na tabbata, Malam. Kai ka koya mini."

"Kada ki kira yaron nan."

"Na rantse."

"Na sani. Ba cewa na yi ki karya ba. Ki ba ni gobe kawai. Kifi ɗaya ne, suna ɗaya ne, ga shi kuma na samu. In na kira gobe lafiya, ai ba a sake ba ke nan, tuntuɓe ne. Ke ba kya tuntuɓe?"

Shi da bai taɓa roƙon kowa a bakin ruwa ba, ga shi yana roƙon matarsa a gaban durom. Ta tura itace cikin wutar.

"Goben zan zo in tsaya," in ji ta. "Da idona zan gani."

Da safe ya fita da sunan a baki. Karfasa, karfasa, yana faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada ya zube. Tela ya gaishe shi, ya ɗaga hannu kawai. Mai shayi ya ce Baba an tashi lafiya, ya gyaɗa kai ya wuce, don ya san in ya tsaya gaisuwa zai iya waiwayowa ya tarar babu. Matarsa tana biye da shi daga nesa da roba a ka, kamar wadda ta zo saye.

Yadda ya faɗa kuwa haka aka yi. Jirgin farko da ya tsaya na Mai Jan Jirgi ne, cike da ita. Aka juye a kan leda tana ta tsalle tana walƙiya. Alƙali ya zauna, ya gyara hula, ya ɗauki ta farko.

"Karfasa!"

Muryar ta fita garau har ƙarshen rumfa. Mai Jan Jirgi ya karɓa ya jefa. Ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya yi mamaki, wato sunan daidai ne. Daɗi ya kama shi har cikin ƙashi. Ya ɗauki ta biyu, karfasa, ta uku, karfasa, hannu na tafiya baki na tafiya kamar da. Har ya samu sukunin waiwayawa ya harari Mai Ƙanƙara.

"Ke, ga 'yan'uwan giwan ruwan naki sun zo gaishe ki."

Aka yi dariya. Ya hango matarsa a bayan mata, ta sauke robar tana riƙe da ita a ƙirji, fuskarta ta ɗan saki. A ransa ya ce, kin gani ko. Ya kai hannu ba tare da ya duba ba, ya ɗago wani abu mai santsi, baƙi, dogo, mai faffaɗan kai da gashin baki, yana murɗawa a hannunsa.

"Karfasa!"

Wurin ya yi tsit.

Tarwaɗa ce. Ko ɓawo ba ta da shi. Mai Jan Jirgi ya tsaya da hannu a miƙe, ya dubi kifin, ya dubi tsohon, ya dubi ƙasa. Sannan, bawan Allah, ya karɓa da hannu biyu, ya russuna, ya ajiye ta a hankali a kan kashin karfasa. Ta kwanta a can baƙa ƙirin a tsakiyar farare, tana buɗe baki tana rufewa.

Alƙali bai gane nan take ba. Abin da ya fara lura da shi, Mai Ƙanƙara ba ta yi dariya ba. Matar da ko tuntuɓe ya yi sai ta yi masa waƙa, yau ta kawar da kai tana gyara murfin akwatin da ba abin da ya same shi. Ya bi idon mutane har kan kashin. Ya ga baƙin abin a cikin farare, ya ga ba wurinsa ba ne, ko yaro zai gani. Ya nemi sunansa don ya gyara, ya ce wasa nake, ku ma kun yarda? Ya nema. Shi ma babu.

Da ma wani ya yi masa tsawa. Da ma wani saurayi ya rama, ya ce tsoho je ka sayar da rake. Ba wanda ya yi. Sun tsaya suna tausayinsa, su duka, har da waɗanda ya sha kunyatawa, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ya dubi matarsa. Ta riga ta ajiye robar, tana kwance bakin zaninta inda take ɗaure waya, hawaye na zuba ba ta share ba. Ta tsaya tana kallonsa, ba ta danna ba. Ya gane jira take.

Ya goge hannunsa a gwiwa, ya dafa kafaɗar Mai Jan Jirgi ya miƙe.

"Kira shi," ya ce wa matarsa.

Motar ta zo washegari. Matarsa ta biyo shi da 'yan kayanta, ta bar durom ɗin wa maƙwabciya. A bakin ruwa an ce kujerar ta daɗe ba wanda ya hau, kowa na cewa wane ne ya fi cancanta, daga baya kowane mai jirgi ya koma ware kifinsa da kansa, faɗan mata kuma ya dawo.

Ɗakin saman yana nan yadda ya san shi. Ana kula da shi, ba laifi, abinci a kan lokaci, magani a kan lokaci. Yakan zauna a bakin gado yana kallon bangon maƙwabci, ƙarfe na kuka a ƙasa. Matar ɗansa mutuniyar kirki ce, tana ta neman abin da zai sa ya yi magana. Wata rana ta hau da faranti, da wani kifi a kai da ta sayo a kasuwa, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, mai kifin ya ce mini ragon ruwa ne, ni kuwa ban yarda da shi ba. Na ce ai muna da alƙali a gida. Duba mini."

Ya karɓa. Hannuwan suka yi aikinsu ba wanda ya sa su, suka juya shi, suka bi ƙayar baya, suka ɗaga kunnen suka duba ja ne ko ya dushe. Matarsa tana bakin ƙofa, ta daina ninke kayan da take ninkewa. Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa. Sannan ya mayar da shi kan farantin a hankali, ya miƙa mata.

"Kifi ne, 'yata," in ji shi.